Jiragen Ruwa Uku Da Mudun Tausayi

Duk wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci, ya iya haɗa baƙi da wasali, abin da yakan fara ɗauka don gwada karatunsa shi ne jarida. Wannan kuwa daidai ne, gama ta haka ne mutum zai zauna a zaurensa ya san abin da duniya ke ciki, ba sai ya jira wani ya komo daga kasuwa ya ba shi guntun labari ba. Amma akwai wani darasi da ba a cika koyarwa a aji ba, ga shi kuwa tilas mai karatu ya san shi. Labarin masifa ba ya zuwa gare mu da ƙafarsa. Wani ne yake ɗauko shi, wani ya auna shi, wani kuma ya zaɓi wurin da za a ajiye shi, ko a goshin jarida da manyan baƙaƙe, ko can a lungu kusa da tallar sabulu. Haka yake a rediyo, haka yake a talabijin. Yadda aka ajiye labari kuwa, haka zuciyar jama'a takan ɗauke shi. In an kwana huɗu ana kaɗa ganga ɗaya, sai gari duka ya kama rawarta. In kuwa an ambaci abu sau ɗaya aka wuce, mu ma sai mu ce Allah ya kyauta, mu wuce.

Don a gane wannan magana sosai, bari mu duba abin da ya auku cikin watan Yuni na 2023. A cikin mako guda jiragen ruwa uku suka halaka a wurare uku na duniya. Za mu fara jera su yadda suka faru, sa'an nan mu ga yadda masu ba da labari suka raba musu tausayin jama'a.

Jirage ukun

Na farko a gida ya auku. Ran Litinin, 12 ga watan Yuni, cikin dare kafin asuba, wani babban kwalekwale na katako ya taso da 'yan biki daga ƙauyen Egboti na Jihar Neja, zai mayar da su garuruwansu a ƙasar Patigi ta Jihar Kwara. Da yawansu a kan babura suka je bikin, amma ruwan sama ya shafe hanya, shi ya sa suka bi ta Kogin Kwara. Mutanen da ke ciki sun kai 250. Cikin duhu jirgin ya ci karo da kututturen itace, ya rabe biyu. 'Yan sanda suka ce an ceto mutum 144, an rasa 106, cikinsu har da mata da ƙananan yara.

Na biyu a Tekun Bahar Rum ne, tekun da ya raba Afirka da ƙasashen Turai. Wani tsohon jirgin kamun kifi mai suna Adriana ya tashi daga Tobruk ta ƙasar Libiya, ya nufi Italiya, maƙil da mutanen Pakistan da Siriya da Masar da Falasɗinu masu neman mafaka ko abin kai wa baka. An ƙiyasta mutanen da ke cikinsa za su kai 750. Ran Laraba, 14 ga wata, da tsakar dare, ya kife kamar kilomita 80 daga garin Pylos na ƙasar Girka, a ɗaya daga cikin wurare mafi zurfi na tekun. Mutum 104 suka tsira, babu mace ko ɗaya a cikinsu, domin mata da yara suna can ƙasa cikin cikin jirgin, ba su sami hanyar fitowa ba. Gawa 82 kaɗai aka tsamo. Sauran suna ƙarƙashin teku.

Na uku a Tekun Atlantika ne. A can, mita 3,800 ƙarƙashin ruwa, akwai gawar wani ƙaton jirgi mai suna Titanic, wanda ya nitse a 1912 da mutum fiye da 1,500. Wani kamfanin Amurka mai suna OceanGate ya ƙera wani ɗan ƙaramin jirgi mai nitso, ya sa masa suna Titan, yana kai masu hali su ga gawar jirgin nan a kan dala 250,000 kowane mutum. Ran Lahadi, 18 ga wata, Titan ya nitsa da mutum biyar: shugaban kamfanin, Stockton Rush, wani attajirin Ingila, Hamish Harding, wani Bafaranshe gwanin nitso, Paul-Henri Nargeolet, da wani attajiri ɗan asalin Pakistan, Shahzada Dawood, tare da ɗansa mai shekara 19. Bayan kamar sa'a ɗaya da rabi aka daina jin ɗuriyarsu. Ran Alhamis, 22 ga wata, aka ga tarkacen jirgin a ƙasan teku, kamar mita 500 daga goshin Titanic. Nauyin ruwa ne ya matse shi, ya murƙushe shi cikin ƙiftawar ido.

To, ga lissafi: 106, da wajen 600, da 5.

Yadda aka ba da labarinsu

Da yawan mamata ne mudun da ake auna labari da shi, da Adriana ya cika jaridun duniya har ƙarshen wata, da Patigi ya bi masa, da Titan ya zo daga baya. Amma akasin haka aka yi. Labarin Patigi ya kwana biyu ko uku a bakin manyan gidajen labari na duniya, aka faɗi adadi, aka karanta ta'aziyyar shugabanni, shi ke nan. Na Adriana ya fi shi daɗewa, har ƙasar Girka ta yi zaman makoki na kwana uku, Pakistan ta yi na kwana ɗaya. Amma da Titan ya ɓace, sai ya rufe su duka kamar yadda hadari ke rufe wata.

Daga Litinin zuwa Alhamis manyan gidajen talabijin na Amurka da Ingila ba su da wata magana sai ta mutum biyar ɗin nan. Aka nuna hotunansu, aka faɗi tarihin kowannensu, aka zana cikin jirgin don mai kallo ya ga yadda suke zaune a takure. Aka ce iskar shaƙar da suka tafi da ita ta sa'a 96 ce, sai kowa ya shiga ƙidaya. Har wani gidan talabijin na Amurka mai suna NewsNation ya kafa agogo a gefen allo yana nuna sauran iskar da ta rage musu. Jiragen sama da na ruwa na Amurka da Kanada da Faransa suka yi ta nema. Mutanen da ba su taɓa ganin teku ba suka riƙa tashi cikin dare suna duba wayoyinsu ko an same su. A ranar da aka ga tarkacen, Barack Obama, tsohon shugaban Amurka, yana birnin Atina na ƙasar Girka, ya yi magana a bainar jama'a a kan rashin daidaiton nan tsakanin mutum biyar da mutum ɗari bakwai. Pakistan kuwa ita ce madubin abin duka: mutanenta biyu ne cikin Titan, duniya ta san sunayensu, hukumominta suka ce wajen 350 ne cikin Adriana, 12 kaɗai suka tsira.

Me ya kawo haka?

Mai gaggawa zai ce ai kuɗi ne, biyar ɗin attajirai ne, sauran talakawa. Akwai gaskiya a ciki, amma wanda ya tsaya nan bai ga rabin abin ba. Akwai dalilai huɗu da suka fi wannan shiga jiki, domin suna aiki a kan zuciyar kowa, har da ta talaka.

Na farko shi ne labarin da bai ƙare ba. Kowa ya san yadda yara ke hana idonsu barci in an tsaya da tatsuniya a tsakiya. Labarin Patigi ya iso kunnen duniya a ƙulle, an riga an mutu, ana haƙa kaburbura. Na Titan kuwa ya zo a buɗe, da tambaya a bakinsa: za a same su ko ba za a same su ba? Tambayar nan ita ce igiyar da aka ɗaure jama'a da ita kwana huɗu. Abin takaici shi ne, duk tsawon kwanakin nan mutanen sun riga sun rasu tun ran Lahadi. Na'urorin sauraro na sojan ruwan Amurka sun ji ƙarar da ta yi kama da murƙushewar jirgi tun a ranar, aka sanar da masu jagorar nema, amma ba a bayyana wa jama'a ba sai ran Alhamis, don ba a tabbata ba. Wannan ba laifin manema labarai ba ne. Laifinsu shi ne, masana sun yi ta faɗa tun da wuri cewa mai yiwuwa jirgin ya murƙushe, amma aka ba maganar ɗan wuri kaɗan, aka ba agogo da wani ƙwanƙwasa da aka ce an ji a ƙarƙashin ruwa babban wuri. Daga baya aka tabbatar ƙwanƙwasar nan ba ta da alaƙa da Titan. Watau agogon nan iskar matattu ya yi ta ƙidayawa.

Na biyu shi ne suna da fuska. Zuciyar ɗan Adam ta iya tausayin mutum ɗaya, amma ba ta iya ninka tausayin sau ɗari shida ba. Wani malami na Jami'ar Oregon ta Amurka, Paul Slovic, ya daɗe yana binciken wannan hali, ya nuna cewa yawan adadi yakan sa zuciya ta daskare maimakon ta narke. Ga misalin da shi da abokan aikinsa suka auna. Yaƙin Siriya ya ci mutum wajen 250,000 kafin watan Satumba na 2015, amma taimakon da mutanen Suwidin ke ba ƙungiyar agaji ta Red Cross don 'yan gudun hijirar yana tafe a hankali. Ran 2 ga Satumba aka ɗauki hoton gawar wani ɗan yaro, Alan Kurdi, kwance a bakin teku a ƙasar Turkiyya. Cikin makon da ya biyo baya kuɗin da ake bayarwa kullum ya ninka fiye da sau 50. Bayan 'yan makonni kuwa sai abin ya lafa. Gani ya kori ji. Mutanen Titan an ga fuskokinsu. Mutanen Adriana, hoton da duniya ta gani nasu daga sama aka ɗauke shi, kawuna ne birjik kamar an baza gero a tabarma. Mutanen Patigi kuwa lamba ce kurum.

Na uku shi ne sabo. Hausawa sun ce, ido wa ka raina? Ya ce, wanda nake gani kullum. Jirgi mai nitso ya ɓace a wajen kallon Titanic, wannan ba a taɓa ji ba. Amma kifewar kwalekwale a kogunanmu kusan kowace damina sai an ji ta, haka kuma nitsewar masu ƙetare Bahar Rum. Edita yana neman abin da ba a saba ji ba, don shi ke tsayar da mai saye. Saboda haka masifar da ta fi yawan aukuwa, wadda ta fi bukatar a yi mata magani, ita ce ta fi ƙarancin wuri a jarida.

Na huɗu shi ne sauƙin samun labari. Masu gadin gaɓar teku na Amurka suna kiran taron manema labarai a birnin Boston, kowa ya kafa na'urarsa ya ɗauka, ba wahala, ba tsada. Waɗanda suka tsira daga Adriana kuwa a wani sito aka fara ajiye su a tashar jiragen ruwa ta Kalamata, sa'an nan aka kai su sansani, ba a bar manema labarai su yi ta shiga wurinsu yadda suke so ba. Ƙauyukan Patigi kuma suna bakin kogi, nesa da Ilori, cikin damina, hanyar da ta gagari 'yan biki ita ce ɗan jarida zai bi. Labarin da ya zo da kansa har ƙofar ofis yakan rinjayi wanda sai an sha taɓo kafin a kai gare shi.

Kalmar da aka zaɓa

Bayan waɗannan akwai wani abu ƙarami a ido, babba a aiki, watau sunan da aka kira mamaci da shi. An kira mutanen Titan masu bincike, masu ƙarfin hali. An kira mutanen Adriana baƙin haure, kalmar da ke sa mai karatu ya tuna da laifinsu kafin ya tuna da ransu. A kan Patigi kuma aka ce lodi ya yi yawa, an yi tafiyar dare, ba a sa rigar ruwa ba. Duk gaskiya ne. Amma in labari ya tsaya nan, sai mai karatu ya ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, ya rufe jarida da kwanciyar rai, bai tambayi wanda ya kamata ya gyara hanya ba, ko wanda aka ɗora wa kawar da kututture daga kogi da hana tashi da dare. Alhali kuwa Titan ma jirgi ne da wata hukuma ba ta tantance lafiyarsa ba, an kuma gargaɗi kamfanin tun 2018, har rahoton masu gadin gaɓar teku na Amurka na 2025 ya ce hatsari ne da ake iya kauce masa. Jirage ukun duka ba su cancanci ɗaukar rai ba.

Yawan kiɗan da aka yi wa Titan ya haifi wata cuta dabam. Waɗansu da suka ga rashin adalcin, sai suka juya suna ba'a da dariya a intanet a kan mutuwar attajiran. Wannan ma ɓata ce, gama yaron nan mai shekara 19 yana da uwa, kukanta kuwa ɗaya ne da na uwayen Patigi. Ba a rage wa biyar tausayi don a ƙara wa ɗari shida. Abin da ake nema shi ne mudun ya zama ɗaya.

A ba kowa haƙƙinsa

Ba daidai ba ne a yi wa manema labarai kuɗin goro. Muddin ana zaton akwai mai rai a ƙarƙashin ruwa, wajibi ne a ba da labarinsa. Har wa yau, aikin da ya fi kowane amfani a makon nan 'yan jarida ne suka yi shi, ko da yake bai yi ƙara kamar agogo ba. Hukumar gadin teku ta Girka ta ce Adriana yana cikin tafiyarsa zuwa Italiya, bai nemi taimako ba. Sai ma'aikatan BBC suka bi sawun jiragen da suka kewaya wurin, suka nuna cewa jirgin ya yi aƙalla sa'a bakwai kusan wuri ɗaya. Waɗansu jaridu suka nemi waɗanda suka tsira, suka ji daga bakinsu cewa an ɗaura wa jirgin igiya an ja shi kafin ya kife, maganar da hukumar ta musanta. Da farko Misirawa tara daga cikin waɗanda suka tsira aka kama, kotun Kalamata ta sallami shari'arsu a watan Mayu na 2024. A watan Mayu na 2025 kuwa aka tuhumi ma'aikatan gadin teku 17 a gaban kotun sojan ruwa. Ga bambancin labarin da ke motsa hawaye kaɗai da wanda ke motsa alƙali.

Inda abin ya shafe mu

Kada mai karatu ya ɗauka wannan gardamar masu jarida ce kawai. Inda zuciyar jama'a ta karkata, nan hankalin hukuma ke karkata, nan kuma kuɗi ke zuwa. Masifar da aka yi wa kukan kwana biyu, maganin kwana biyu ake yi mata. Kafin Patigi, a watan Mayu na 2021 jirgi ya nitse da 'yan kasuwa kusa da Wara ta Jihar Kebbi, a watan Nuwamba na shekarar kuma wani ya kife a Bagwai ta Jihar Kano da ɗaliban Islamiyya. Bayan Patigi, ran 1 ga Oktoba, 2024, wani kwalekwale ɗauke da 'yan bikin Maulidi wajen 300 ya kife da dare kusa da Gbajibo a ƙasar Mokwa, a kan Kogin Kwara ɗin nan dai. Akwai hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida mai hedkwata a Lokoja, akwai dokar hana tafiyar dare, akwai ta sa rigar ruwa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne idon da zai tsaya a kan maganar bayan an share makoki. Ba za mu jira Turawa su yi mana wannan ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka editocinmu suna da bashi a kansu. In jirgi ya kife, su aiki mutum har wurin, ya rubuto sunayen mamata da yardar danginsu, ya faɗi sana'arsu da abin da suka bari. In an yi alkawarin rigunan ruwa ko gyaran hanya, su rubuta ranar, su koma bayan wata uku su ƙidaya abin da aka kawo.

Kai kuma mai karatu, in labarin masifa ya girgiza ka, kada ka ji kunyar tausayinka, alheri ne. Amma ka tambayi kanka abu uku. Mutum nawa abin ya shafa, kuma wurin da aka ba shi ya yi daidai da yawansu? Wa aka nuna mini fuskarsa, wa aka bar mini a lamba? Wane labari ne aka ture gefe don a ba wannan wuri? Sa'an nan in ka ga an rubuta 106, ka dakata kaɗan, ka ƙidaya mutanen gidanku da na maƙwabta, gida gida, har ka kai 106, ka ga inda lissafin ya tsaya a unguwarku. Wanda ya saba yin haka, shi ne karatunsa ya yi masa rana, gama ya karɓi mudun daga hannun edita ya riƙe da kansa.